Lambu a Ƙarƙashin Ruwa: Abin da Sabon Shiga Zai Fara Sawa a Gaba

Duk wanda ya taɓa cin karo, a Facebook ko YouTube, da hoton akwatin kifin da aka mayar da shi lambu ya san yadda abin yake sace zuciya. Ga dutse a tsaye ya ɗan karkace, ga ciyawa shar ta rufe ƙasa, ga saiwar itace ta miƙe har saman ruwa, 'yan kifaye kuma suna kai da kawo a tsakani. Sai mutum ya sayo akwatin gilashi, ya zuba yashi, ya soke duk tsiron da mai shago ya miƙo masa, ya kunna fitila, ya koma gefe yana jira. Kafin wata ya zagayo ruwa ya yi kore, ganye ya ruɓe, gansakuka ta lulluɓe dutse da gilashi. Daga nan sai ka ji ana cewa ai abin na Turawa ne, ko kuwa ruwanmu ne bai karɓe shi ba.

Da wuya laifin ya zama na ruwa. Galibi ɓarnar ta riga ta auku tun kafin a zuba shi: wajen zaɓen dutse, wajen itacen da aka jefa, da wajen dasa tsiro inda ba zai iya rayuwa ba. Tambayar da ke gaban sabon shiga ke nan: hoton zai bi, ko abin da tsiron da gidansa za su iya ɗauka? Kafin a amsa, sai an san inda hoton ya fito.

Haɗa kifi da tsiro a mazubi ɗaya tsohon abu ne. A 1850 wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa idan aka haɗa kifi da tsiron ruwa da dodon koɗi, ruwan yakan daɗe bai lalace ba, domin kowanne yana amfani da abin da ɗan'uwansa ya fitar. Amma mayar da abin ado mai ƙa'ida da gasa, a Holan ya kankama, tun shekarun 1930. Salon mutanen Holan na tsiro ne zalla: kowane iri a rukuninsa, jan ganye kusa da kore, mai faɗi kusa da siriri, dutse da itace kuwa ba su da wani matsayi.

Wanda ya juya akalar abin shi ne Takashi Amano, mutumin Niigata a Japan, haifaffen 1954. Ɗan tseren keke ne kuma mai ɗaukar hoton daji, ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982. Koyarwarsa ita ce a bar jera tsiro layi-layi, a je a kalli bakin rafi da gindin dutse da cikin kurmi, a kwaikwayi yadda Allah ya tsara su. Daga 2001 kamfanin ya soma gasar duniya ta shekara-shekara, kuma yawancin hotunan da ke yawo a wayoyinmu almajiran wannan makaranta ne suka yi su. Aikinsa mafi girma ya yi shi ne a gidan kifi na Lisbon a Fotugal: tsawon mita 40, ruwa lita 160,000, aka buɗe a 2015, shekarar da ya rasu.

Sai dai hoton gasa ba ya faɗin komai. An ɗauke shi a rana guda da aka zaɓa, bayan watanni ana aski da dashe, an zare bututun matatar ruwa da duk wata waya, wani lokaci ma ana hura saman ruwan da na'urar busar da gashi don ya yi 'yan igiyoyi. A ƙarƙashin tebur kuma akwai tukunyar iskar kabon, a sama akwai fitila mai ƙarfi, ga taki da ake ɗigawa kullum. Wanda ya kwaikwayi hoton ba tare da waɗannan ba, ƙarshen aiki ya gani, bai ga farkonsa ba.

To, daga ina ake farawa? Daga dutse da itace, akwati a bushe, babu ko ɗigon ruwa. Tsiro yana girma, ana aske shi, ana tumɓuke shi a sauya masa wuri. Dutse kuwa, da zarar saiwa ta kama kewayensa, ɗaga shi dagula komai ne. Shi ya sa gwanayen abin sukan yi kwanaki suna jujjuya duwatsu a busasshen akwati, ko a kwali mai girmansa, su ɗauki hoto da waya, washegari su sake dubawa. Ido yakan yi wa mai shi kara; hoto ba ya yi.

Akwatin da aka fi farawa da shi mai tsawon santimita 60 ne, faɗi 30, tsayi 36, yana cin kusan lita 65. Kada arha ta ja mutum ga ƙarami, don ruwa kaɗan ya fi saurin zafi da saurin gurɓata. A kuma tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. In an haɗa da gilashi da ƙasa da duwatsu, an haura kilo 80, kuma ba kowane teburin falo ke ɗaukar haka ba.

Akwai wata yaudara da ruwa ke yi wa ido wadda ba a cika gaya wa sabon shiga ba. Ruwa yana lanƙwasa haske, sai abin da ke cikinsa ya zama kamar ya matso da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Faɗin nan na santimita 30 sai ya koma kamar 22 ko 23. Tsarin da ya yi fili a bushe, ana cika ruwa sai a ga ya cunkushe ya manne da gilashi. Maganinsa gangara. A sa ƙasa santimita 3 ko 4 a gaba, ta riƙa hawa har 8 ko 10 a baya, a binne 'yan duwatsu a ciki su tokare ta, in ba haka ba cikin 'yan watanni za ta baje. Sannan a sa abubuwa masu kauri da faɗin ganye gaba-gaba, sirara da ƙanana a can ƙurya, ido ya ɗauka wurin da nisa.

Babban dutse ko kututture ba ya zama a tsakiyar akwati cif. A raba tsawon gida uku, a kafa shi inda kashi ɗaya ya haɗu da biyu. A akwatin santimita 60, wajen 20 zuwa 23 ke nan daga gefe. Siffofi uku aka fi sani: tsibiri, inda aka tara komai wuri ɗaya aka bar gefuna biyu fili, kwari, inda gefuna suka yi tsawo tsakiya ta buɗe, sai gangara, wadda ke tashi daga kusurwa ɗaya ta sauka zuwa ɗayar. Ni gangarar nake ba sabon shiga shawara. Kusurwar da ta yi duhu tana ɓoye bututun matata, ɗayan gefen ya zama filin kifi, kuma ko tsiro ya yi girman da ya wuce tsammani, tsarin ba ya rushewa. Filin nan da aka bari shi ne abin da hannu ke ƙaiƙayin cikewa, kuma shi ne ya kamata a tsare.

Duwatsu su zama iri ɗaya, launi ɗaya, amma girmansu ya bambanta sosai. Mutanen Japan suna da salo na dutse zalla da suke kira iwagumi, wanda suka ɗauko daga tsarin lambunsu na gargajiya. Akwai uban dutse, oyaishi, wanda tsayinsa kan kai kashi biyu cikin uku na akwatin, a ɗan karkace kamar ruwa ne ya daɗe yana tura shi. Akwai na biyu da ke mara masa baya, akwai ƙanana da ke raka su, har da wanda aka san ciyawa za ta binne shi amma aka sa shi don ya daidaita sauran. Adadin ba ya zama mai rabuwa biyu: uku, biyar, bakwai. Dalilin a fili yake in aka gwada. Duwatsu uku masu girma ɗaya, a tazara ɗaya, murhu ka haɗa, saura tukunya. A nitsa gindin kowanne cikin ƙasa don ya zama kamar a nan ya tsiro, kuma jijiyoyin da ke jikinsu su fuskanci gefe guda.

Darasin iwagumi ya cancanci a koya, amma salon kansa tarko ne ga mai farawa. Ya fi kowanne kama da mai sauƙi, ya fi kowanne wuya. Gajeriyar ciyawar da ke rufe ƙasa tana son haske mai ƙarfi da iskar kabon, kuma babu dogayen tsirrai da za su shanye rarar taki. Kafin ta bazu, gansakuka ta riga ta.

Dutse kuma ba ado ba ne kawai, yana taɓa ruwa. Mai alli a jikinsa, irin wanda ake haƙa don yin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, ko Ashaka, ko Malbaza a Nijar, yana narkewa a hankali ya ƙara wa ruwa nauyi, abin da yawancin tsirran ado ba sa so. Har dutsen seiryu da ake shigowa da shi da tsada yana da wannan hali. Gwajin ba wuya: a kankare jikin dutsen, a ɗiga masa ruwan khal, in ya yi kumfa, a ajiye shi. Dutsen giranit irin na Kufena a Zariya ko na tsaunukan Jos ba ruwansa da ruwa, kuma ba ya buƙatar jirgi. Marmara takan marmashe ta ja launin ruwa, ko da yake an daɗe ana shimfiɗa 'yar jar ƙasa irinta a ƙarƙashin tsakuwa saboda sinadarin ƙarfen da tsiro ke samu. A wanke dutse da burushi da ruwan zafi, ban da sabulu, kuma kada a dafa shi a wuta, yana iya fashewa. Babba ya zauna a kan gilashin ƙasa, da 'yar katifar soso a ƙarƙashinsa, ba a kan yashin da zai zame ba.

Itace ya zama mai tauri, wanda ya daɗe da mutuwa ya bushe ƙamas, an ɓare ɓawonsa. Na mopani da ake kawowa daga kudancin Afirka yana da nauyi, nan take yake nitsewa. Siraran saiwoyi kuwa sai sun yi mako ɗaya ko fiye a jiƙe a baho, ko a danne su da dutse, in ba haka ba ana cika ruwa su taso su tumɓuke duk abin da aka dasa. Abu biyu ke tsorata mutane a banza. Na farko ruwa ya koma kalar shayi. Wannan rinin itace ne, ba ya cutar da kifi, kuma canjin ruwa yana rage shi. Na biyu wani farin yauƙi da ke fitowa a jikin itacen a makonnin farko. Shi ma yana ɓacewa da kansa. Abin tsoron gaske shi ne tsince-tsince ba sani. Aduwa da magimfa, da su ake bugar da kifi a rafi tun kaka da kakanni. Tumfafiya da tinya suna da farin ruwa mai guba. Darbejiya ma a bar ta, haka ragowar katako daga wajen kafinta, wanda wataƙila ya sha maganin gara.

Sai tsiro. Mai shago yakan jera su da kyan ganye, amma rabon da ke da amfani shi ne na yadda kowanne ke ci. Akwai masu maƙalewa a jikin dutse da itace, akwai masu ci ta saiwa, akwai masu dogon kara da ke tsotsa daga ruwan kai tsaye, akwai masu yawo a sama. Wanda ya san rukunin tsironsa ya san inda zai sa shi.

A rukunin farko Anubias ne sarki, kuma ɗan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, yana fitowa a kan duwatsu a inuwar rafukan kurmi. Irin da ya fi yaɗuwa, Anubias barteri, yana ɗauke da sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya biyo wani ayarin bincike zuwa kogin Kwara a 1857 ya rasu a Rabba a 1859. Ƙaramin nau'insa, nana, daga Kamaru ya fito. Ganyensa kauri, koren duhu, ba ya son haske da yawa, kuma yawancin kifaye ba sa cinsa. Hanya ɗaya ce ta kashe shi, kuma ita kowa ke bi: binne shi. Saiwoyinsa da ganyensa suna fitowa ne daga wani kara mai kauri da ke kwance, irin jikin da citta take da shi, kuma in aka rufe wannan da ƙasa ruɓewa yake. Ɗaure shi ake yi a jikin itace da zaren ɗinki, ko a ɗiga sufa gulu kaɗan a manna, ko a cusa shi a tsagar duwatsu. Kafin zaren ya ruɓe saiwa ta kama. Haka ake yi wa tsiron Java mai dogon ganye, da Bolbitis na Afirka, da gansakukar ado ta Java. Da su ake rufe mahaɗar dutse da itace, wurin da aikin hannu ya fi tona kansa.

Masu ci ta saiwa, irin Cryptocoryne na Siri Lanka da Echinodorus na Kudancin Amurka, ƙasa mai taki suke so, ko ƙwayar taki da ake tura musu a gindi. Cryptocoryne a tsakiya, a gindin duwatsu. Echinodorus yana da kyau a shago, amma cikin wata shida shi kaɗai zai cinye rabin akwatin santimita 60. Vallisneria mai ganye kamar kirtani da masu kara irin Hygrophila da Limnophila su ne na bango. Waɗannan ba a raina su don arharsu: saurin girmansu ne ke shanye takin da gansakuka za ta ci.

A nan ne tsimi ke jawo asara. Mutum ya sayi iri goma sha biyu, kowanne ƙwaya ɗaya, ya warwatsa. Gara iri biyar ko shida, kowanne da yawa, a rukuni, a rufe fiye da rabin ƙasar tun ranar farko. Ana dashe ne ruwa bai wuce ya jiƙa ƙasa ba, da dogon hantsaki, ana yayyafa wa ganye ruwa kada ya bushe. In an gama a shimfiɗa leda ko faranti a zuba ruwan a kai sannu a hankali.

Bayan mako ɗaya ko biyu ganye zai fara narkewa, kuma a nan mutane ke karaya. Manyan gonakin tsiron ruwa, irin Tropica ta Denmak, a wajen ruwa suke rainon yawancinsu, gindi a jiƙe ganye a iska. In an nitsar da su sai tsohon ganyen ya mutu, sabo na cikin ruwa ya fito. Cryptocoryne ma kan zube gaba ɗaya ya sake tohowa daga saiwa. A tsince ruɓaɓɓen, a bar gindin. Wanda ba ya dawowa shi ne tsiron tudu da aka sayar a matsayin na ruwa, kamar Dracaena ɗin nan mai kama da gora da ake sawa a kwalba. In aka nitsar da ganyensa, mutuwa ce kawai a hankali.

Maganar fitila kuwa, kuskuren yawa ya fi na ƙaranci. Iskar kabon da tsiro ke haɗa abincinsa da ita tana ratsa ruwa a hankali, ninki dubu goma ƙasa da yadda take ratsa iska. In haske ya yi yawa alhali kabon bai isa ba, tsiro ba zai iya amfani da shi ba, gansakuka ce za ta ci riba. Awa shida a rana ta isa a farko, a kai takwas daga baya, kuma a nisanta akwati daga tagar da rana ke dukanta. Ba dole ne a sayi tukunyar kabon ba. Diana Walstad, ba'amurkiya, ta nuna a littafinta na 1999 cewa ƙasar lambu a ƙarƙashin tsakuwa, da matsakaicin haske, da tsirrai masu haƙuri, suna riƙe akwati shekaru. Masu gasa suna ganin irin wannan akwati bai da tsaf, kuma da gaskiyarsu. Amma yana rayuwa.

Ga mai zama Kano ko Maraɗi, abu biyu ne suka sa na fifita wannan hanya: zafi da ɗauke wuta. Yawancin tsirran nan sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28, a bazara kuwa ruwan ɗaki kan haura 30. Gansakukar ado da Bolbitis ne ke fara jigata. Vallisneria da Cryptocoryne da Anubias sun fi juriya. 'Yar fanka da ke hura saman ruwa tana sauke digiri biyu ko uku, sai dai a riƙa cike abin da ya ƙafe. Tsiro mai son inuwa kuma zai kwana biyu ba fitila bai nuna ba, abin da gajeriyar ciyawar gasa ba za ta lamunta ba.

Akwai kuma na gida. Badon da ke tafkunanmu shi ne Nymphaea lotus, wanda masu akwatin kifi a Turai ke sayen nau'insa mai ɗigo-ɗigon ganye. In ana yanke ganyen da ya nufi sama, sai ya tsaya ƙasa ya yi tumbu. Kainuwa tana shanye rarar taki fiye da kusan komai, tana kuma yi wa Anubias inuwa, amma sai ana rage ta kowane mako. Sai dai tsiron kududdufi yana zuwa da baƙi. A jikin irin waɗannan ne ƙananan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya suke maƙalewa. A sa safar hannu, a wanke sosai, a killace shi a bokiti na wasu makonni ana dubawa. Abin da aka aske daga akwati kuma a shanya shi ya bushe, kada a zuba a rafi ko magudana.

Kifi shi ne na ƙarshen shiga. Kashinsa yana zama amoniya, mai guba, kuma ƙwayoyin bakteriyar da ke sarrafa ta suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su zauna a matata da ƙasa. A wannan tsakani ana canza kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan kowane mako, da ruwan da aka kashe wa kulorin in na famfo ne. Karfasa da tarwaɗa haƙa suke yi, kifin golfish kuma cin ganye yake. Babu ɗayansu da ya dace da lambu. Ƙananan tetira ko gupi, iri ɗaya, goma zuwa sha biyu, sun wadatar.

A wata ukun farko, kada ka ɗaga dutse, kada ka ƙara awannin fitila, kada ka sayo sabon tsiro don cike gurbin da ka bari da gangan. Masu kara in sun kai saman ruwa ka yanke su rabi, ka sake dasa kawunan a bango. Anubias kuma ba mai gaggawa ba ne, yakan yi makonni kafin ya fitar da ganye guda. In ka ga sabon ganye ya leƙo daga karan, lafiyarsa ƙalau, ƙyale shi inda ka ɗaure shi.